Chaplin ko Keaton: Wanne Za a Fara Kalla?

Mai son tsofaffin finafinan Amurka marasa murya zai iya farawa da The Gold Rush na Charlie Chaplin, wanda ya fito a 1925, ko The General na Buster Keaton na 1926. Chaplin ya haɗa ban dariya da ban tausayi, har yunwa ta sa shi dafa takalminsa ya ci. Keaton kuwa, wanda ba a ganin murmushi a fuskarsa, ya fito a matsayin direban jirgin ƙasa lokacin yaƙin basasar Amurka, ya yi wasannin kasada da kansa, har aka jefa jirgi na gaske cikin kogi a jihar Oregon. A ganina a fara da Keaton, domin labarinsa ba ya gundurar sabon mai kallo.