Kwas ɗin MBSR na intanet a idon uwar mai sikila

Duk uwar da ke jinyar yaro mai sikila ta san cewa ba ranar da ciwo ya tashi kaɗai ke cinye mutum ba. Ranakun lafiyar ma a ɗar-ɗar ake yin su. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ga yadda na rame, ta ba ni shawarar shiga wani kwas na intanet da ke koyar da tattara hankali, wanda aka buɗe wa iyayen yara masu doguwar jinya.

Tsarin da suke bi shi ne MBSR, wato tsarin rage damuwa ta hanyar tattara hankali, wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, don masu fama da ciwo da damuwar da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa. Mako 8 ake yi, zama ɗaya a mako na kusan awa biyu da rabi, da wuni guda na shiru wajen mako na 6, sai aikin gida na minti 45 kullum. Tushensa daga zuzzurfan tunanin mabiya Buddha yake, amma babu bauta a cikinsa. Sai da na tabbatar da haka kafin na saki jiki.

Darasin farko shi ne bin jiki da hankali. Za ki kwanta, muryar malama tana jagorantarki daga yatsun ƙafa har zuwa kai, kina lura da abin da kowace gaɓa ke ji. A nan na gano cewa haƙorana a datse suke ko da ina kwance, kafaɗuna kuma a ɗage kamar mai jiran duka.

Abin da ya fi yi mini amfani ya zo daga baya. Da ɗana ya ce "Mama, ƙafata", kafin ya rufe baki zuciyata ta kai mu gadon asibiti, an ɗaura ruwa, ana neman jini. Malamar ta koya mana mu gane cewa wannan tunani ne, bai faru ba tukuna. Yanzu nakan ja numfashi sau uku, in ji tafin ƙafata a ƙasa, sannan in ɗauko ma'aunin zafi, in ba shi ruwa da maganin da likita ya rubuta, in rubuta lokaci. Hannuna ya daina rawa, shi ma yaron ya rage kallon fuskata don ya gane ko abin ya yi tsanani. Kuma kada wata ta ɗauka natsuwar tana sa a yi sakaci: in zafin jikinsa ya kai digiri 38.5 a ma'aunin Celsius, asibiti muke nufa ko tsakar dare ne, kamar yadda aka gargaɗe mu.

Zaman rukuni ma ya yi mini daɗi. Akwai iyayen masu farfaɗiya, da masu ciwon suga, da masu ciwon ƙoda. Wata rana wani uba ya ce wani lokaci har haushin ɗansa yake ji, sai ya kwana yana zargin kansa. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri, babu wanda ya yi masa wa'azi. Malamar ta tambaye shi a ina yake jin abin a jikinsa, muka yi shiru tare da shi.

Inda masu kwas ɗin suka gaza shi ne lokaci. Sun ce don mu aka shirya shi, amma ba su rage komai ba. Wace mai jinya ce ke da minti 45 da babu mai kiranta? Wunin shirun kuwa da yawanmu ba mu samu halarta ba, don babu wanda za mu bar wa yaran. Gajerun atisaye na minti uku zuwa biyar, waɗanda su ne ke shiga rayuwarmu, sai can ƙarshe aka ba mu. In kuma zama ya wuce ki kina asibiti, shi ke nan, ba sa ajiye bidiyonsa. Wata uwa ta daina zuwa saboda shirun yana dawo mata da abin da ta gani a ɗakin kulawa ta musamman, kuma ya kamata a ce sun tattauna da kowa kafin a fara.

Kwas ɗin bai ƙara mini barci ba, bai kuma kawo mini mai taya ni jinya ba. Wadda baƙin ciki ya hana ta ci da tashi, likita ya kamata ta fara gani. Sauran 'yan'uwana masu jinya ina ba su shawarar su gwada, amma kafin ki yi rajista ki tambayi inda malamin ya samu horo, ko suna ajiye darasin da ya wuce ki, da kuma ko za su ba ki gajerun atisayen tun makon farko.