Gargaɗi ga masu situdiyo a Gombe kan wani mai tallar NAS

Salamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto da bidiyon biki. Akwai wani bawan Allah da ke yawo a gurufanmu na WhatsApp yana tallar NAS, akwatin ajiyar nan da ake jonawa da rauta kowace kwamfuta ta shago ta riƙa zuba aiki a ciki. Ni dai ya ci ni, ba na so ya ci wani.

Tsohuwar na'urata ta cika maƙil da bidiyon kamu da ɗaurin aure, sai na yi niyyar sauyawa zuwa Synology DS224+, mai ramin faifai biyu, wadda ta fito a 2023. Ita wannan na'ura fanko take zuwa, faifan ajiya daban ake saye, kuma nan ne gadar zaren take. Mutumin ya ce zai haɗa mini da faifai biyu na kamfanin Seagate masu 8TB sababbi fil, farashi kuwa ƙasa da na Legas nesa ba kusa ba. Da na tambayi dalilin arha, sai ya ce: "Alhaji, kayan wani kamfani ne da ya rufe, ko leda ba a ɓare ba." Na tura rabi, muka haɗu a wajen Tashan Dukku na cika masa saura. Kwali tsaf, leda a manne, akwatin ma na gaske ne.

Ba a yi wata ba, faifai ɗaya ya fara wani ƙas-ƙas cikin dare, na'urar ta kama ƙara tana kunna jar fitila... a'a, ruwan lemo ce fitilar, amma a idona ranar ja ce. Na kira ƙanina da ke karatun kwamfuta. Ya duba bayanan SMART, inda faifai ke rubuta awannin da ya yi yana aiki, ya ga awa ɗari biyar da 'yan kai. Ya ce, "Yaya, wannan ana iya goge shi a mayar sifili." Sai ya buɗe wani lissafin na daban da faifan Seagate ke ajiyewa, FARM ake kiransa, da manhajar smartctl. Awa dubu ashirin da shida! Shekara guda awa 8,760 ce, ke nan faifan ya yi kusan shekara uku yana juyawa dare da rana kafin a wanke masa fuska a kawo mini. Da muka sa lambar jikinsa a shafin garanti na kamfanin, garantin ya daɗe da ƙarewa. Ashe irin wannan damfara ce aka bankaɗo a Jamus farkon 2025, inda 'yan cuwa-cuwa suka riƙa sayar da tsofaffin faifai da sunan sababbi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wani ne. Tun farko mai tallar ya matsa in ba shi tsohuwar na'urata a madadin wani kaso na kuɗin, wai shi zai kwashe mini aikin ya goge ta. Allah ya sa na ƙi, don kawai ban gama da bikin wata amarya ba. Hotunan amare da matan mutane na shekaru ne a ciki. Da na miƙa masa, da wane ido zan kalli iyalan nan? Kuma ita ce ta cece ni da faifan ya mutu. Ko RAID 1 ɗin da na dogara da shi, wato tsarin da ke ajiye aiki iri ɗaya a faifai biyu, tsofaffi biyu ne ke kwafar juna.

In za ka saya, kafin ka cika kuɗi a jona faifan a gabanka, a duba awanni, a sa lambarsa a shafin garanti ka gani da idonka. Tsohuwar na'ura kuma kada ta bar shagonka da kayan mutane a ciki. Shi dai mai tallar lambar wayarsa a kashe take tun makon jiya, amma jiya wani abokina a Pantami ya turo mini tallar da hotunan kwalin nan iri ɗaya, da sabuwar lamba.