Wuƙar aljihu: Opinel, Victorinox ko Buck, wacce ta ci kuɗinta?

Mai sayen wuƙa mai naɗewa abu biyu ya kamata ya fara dubawa: irin ƙarfen ruwanta, da abin da ke riƙe ta idan an buɗe. Ƙyalƙyalin mariƙi na bayan waɗannan. Da wannan ma'auni na gwada guda uku da nake aiki da su tsakanin gona da gida.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce Opinel mai lamba 8. 'Yar Faransa ce, daga yankin Savoie, inda Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890. Mariƙinta katako ne zalla, tsawon ruwanta santimita 8.5, nauyinta bai kai giram 50 ba. A wuyanta akwai zoben ƙarfe da aka ƙara mata a 1955, kana murɗa shi ruwan ya tsaya cak, ba ya rufowa kan yatsa. Iri biyu ake yi, mai baƙin ƙarfe da mai ƙarfen da ba ya tsatsa. Tawa mai baƙin ƙarfe ce, kuma ban taɓa riƙe wuƙar da ke karɓar wasa da sauri kamarta ba. Ka goga ta a dutse kaɗan, ta dawo tana aske gashin hannu. Siririn ruwanta ne ya sa take ratsa albasa, mangwaro da igiyar buhu ba sai an danna ba.

Amma tana son kulawa. Ka yanka lemun tsami ka bar ta a jiƙe, kafin gari ya waye ta yi jajawur da tsatsa. Da damina katakon yana kumbura ya matse ruwan har farce ya kasa ciro shi. Sai ka buga gindin mariƙin a kan abu mai tauri, bakin ya leƙo. Da hunturu kuwa ta saki jiki. Ni ɗigon man gyaɗa nake shafa mata, shi ke nan.

Victorinox Spartan, jar nan ta Suwizalan mai tsawon milimita 91 idan an naɗe ta, ta fi ƙarfin a kira ta wuƙa kawai. Ruwa biyu gare ta, da mabuɗin gwangwani, da na kwalba, da sukundireba, da tsinken huda fata, har da hantsaki ɗan ƙarami. Karl Elsener ne ya kafa kamfanin a garin Ibach a 1884, kuma tsabtar aikinsu ba ta da na biyu, babu inda ke girgiɗi. Sai dai ba ta da makulli, sifirin ne kawai ke tokare ruwan, don haka ban yarda a fere rake da ita ba. Kaifinta ma yana saurin dakushewa. Wanda zai saya, ya nemi 'yar'uwarta Tinker, wadda aka sa wa sukundireba mai kuros a gurbin abin zare toshiyar kwalbar giya, tunda mu ba abin da za mu yi da shi.

Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964, ta mafarauta ce. Tagulla a kai da gindi, makulli a gadon baya, ruwa mai kusan santimita 9.5 na wani ƙarfe marar tsatsa da ake kira 420HC. A fiɗar ragon layya ta burge ni ƙwarai. Amma ta haura giram 200, tana rinjayar aljihun kaftani, dole sai da kubenta a ɗamara. Kuɗinta kuma ya ninka na Opinel kusan sau huɗu, Victorinox na tsakaninsu.

Abin da ke damuna shi ne na jabun da suka cika kasuwa, masu zanen damisa da maɓallin da ke harbo ruwa. Ƙarfensu laushi gare shi, ƙusar tsakiya tana kwancewa, makullin kuma yakan saki ana tsakar yanka. Na ga yaron da irinta ta rufe wa a kan yatsa. Idan kuɗinka bai kai ba, gara ka je wurin maƙeri ya ƙera maka mai kube. In kuwa za ka sayi mai naɗewa guda ɗaya tak don aikin yau da kullum, Opinel 8 zan nuna maka, mai baƙin ƙarfe idan za ka riƙa goge ta, marar tsatsa idan ka san ba za ka iya ba.