Gidan tubalin ƙasa na inji a Tahoua: abin da na gani bayan na zauna a ciki

Wanda zai gina gida a Tahoua yakan tsaya tsakanin abu biyu: ginin laka irin na kakanni, mai neman yaɓe kusan kowace shekara, ko bulon siminti da rufin kwano, wanda ke mai da ɗaki tanda a watannin Afrilu da Mayu. Ni tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji na zaɓa, wanda masu sana'ar ke kira BTC, kuma na biya wani matashi mai zanen gine-gine ya tsara mini gidan tun daga tushe. Yanzu da rani da damina suka same mu a ciki, zan iya faɗin inda aikin ya biya da inda ya gaza.

Abin da ya ba ni ƙarfin zuciya tun farko shi ne masallacin Dandaji, a nan jiharmu, wanda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka tsara da irin wannan tubali aka kammala a 2018. Kafin shi ma akwai masallacin laka na Yaama na magini Falke Barmu, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Duk da haka, da ƴan uwa suka ji cewa da ƙasa zan yi gini, wasu sun ɗauka kuɗi ne suka ƙare mini.

Kuɗin da na ba mai zanen su ne mafi albarka a cikin duk abin da na kashe. Ya juya dogayen bangwaye suka fuskanci kudu da arewa, ya rage tagogi a gabas da yamma, sannan ya sa kowace taga ta kalli wata domin iska ta ratsa ɗaki. Rufin ya yi shi hawa biyu, tubali a ƙasa, kwano a sama, da sarari a tsakani inda iska mai zafi ke ficewa. Bangon yana da kaurin kusan santimita 30, kuma da azahar, lokacin da ƙofar ƙarfen gidan ba ta taɓuwa saboda zafi, idan ka dafa bangon ɗaki daga ciki sai ka ji shi da sanyi-sanyi. Idan aka ɗauke wuta da rana, yara suna iya barcinsu. Sai dai bangon yakan saki zafin da ya tara bayan isha'i, shi ya sa a tsakiyar bazara har yanzu tsakar gida muke kwana. Kyau kuwa bai buƙaci fenti ba, domin jan tubalin da layukansa sun wadatar.

Maganar da ake yi cewa wannan gini yana da araha ce ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Gaskiya ne simintin da ake garwayawa da ƙasar kaɗan ne, kashi 5 zuwa 8 cikin 100, kuma ko da yake muna da masana'antar siminti ta Malbaza kusa da mu, rage buhunan siminti ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma abin da aka rage a nan ya tafi wajen hayar inji, da ɗaukar ƙasa, da ladan magina, domin waɗanda suka iya jera wannan tubali ba su da yawa, kuma sun san haka. Ga jira: tubalin sai an rufe shi da leda ana yayyafa masa ruwa, ya yi kusan kwana 28 kafin a ɗora shi.

Aibin da na gani ruwa ne ya tona shi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, kuma indararon wannan ɓangaren ya yi gajarta, sai ruwa ya riƙa zuba a gindin bango har ya fara cin tubalin ƙasa-ƙasa. Mai zanen ya zo ya duba, ya amsa cewa lissafinsa ne bai kai ba, aka ƙara tsawon indararon, aka yi wa bangon gabas shafe, aka kewaye gindinsa da dakalin dutse. Duk wanda zai yi irin wannan gini, ya sa a rubuta waɗannan uku a cikin yarjejeniya tun kafin a haƙa tushe, kuma ya nemi a kai shi ya ga wani gida da maginin ya gina wanda ya riga ya sha damina.