Allo, kati ko manhaja: me za a saya wa mai shirin WAEC?

Wata maƙwabciyata a Agege ta tare ni a bakin ƙofa: "Malam, in tara kuɗi in je Computer Village in sayo wa yaron nan kwamfutar hannu, ko littattafai sun isa?" Na ce, Hajiya, bari mu fara duba yadda kai yake riƙe karatu.

Ƙwaƙwalwa saƙa ilimi take yi. Ka ce wa ɗan kasuwar Mile 12 "tumatir", nan take kwando da miya da tirelar da ta taso daga Kano za su faɗo masa a rai. Masana ilimin ƙwaƙwalwa Allan Collins da Elizabeth Loftus sun bayyana haka a 1975: in aka taɓa ma'ana ɗaya, na kusa da ita sai su farka. Abin da aka haddace ba a ƙulla shi da komai ba, shi ke saurin zubewa.

Shi ya sa na fi karkata ga farin allo. Yaro ya rubuta "jini" a tsakiya, ya ja layi zuwa zuciya da huhu, a kan kowane layi ya faɗi abin da ya haɗa su. Wani masani, Joseph Novak, ya fito da irin wannan taswira a Jami'ar Cornell a 1972. Gobe yaron ya goge, ya sake zanawa da ka, littafi a rufe. Hajiya, kafin ki biya kuɗin allo, ki sa mai shago ya yi rubutu ya goge a gabanki, don wani allon dabbare-dabbare yake bari.

Kati kuwa, wato 'yar takarda mai tambaya a gaba da amsa a baya, ba sai an saya ba, kwali da almakashi sun wadatar. Yana da kyau wurin haddace shekarun tarihi da ƙa'idojin lissafi, sai dai gutsi-gutsi yake ba da ilimi.

Manhajar Anki kati ce a waya, tana dawo da tambaya bayan kwanaki, lokacin da mantuwa ta fara kamawa. Tun 1885 wani masani, Hermann Ebbinghaus, ya nuna an fi yin mantuwa a sa'o'in farko. Kyauta ce a Android, a iPhone ake biya, kuma tsohuwar waya ta ishe ta. Matsalar ita ce TikTok na nan kusa.

Littafin tsofaffin tambayoyi a saye shi, amma mai bayanin amsa. Na taɓa sayen wani a bakin titi, A da B kawai ya jera, wasu ma ba daidai ba.

Hajiya dai allo ta saya, ta rataye shi bayan ƙofar ɗaki inda ƙannen ba sa kaiwa.