Littafi, Kwas ko Zama da Masu Raha: Abin da Mai Son Koyon Rubutun Barkwanci Zai Saya

Wanda ya saba sa majalisa dariya da baki yakan sha mamaki ranar da ya fara zuba barkwancinsa a takarda, domin sai ya tarar maganar da ta sa abokansa riƙe ciki ta koma lami. Murya, da harara, da ɗan shirun da yake yi kafin ya saki kalmar ƙarshe, babu wanda ke bin sa cikin rubutu. Daga nan ne mutum ke fara neman abin da zai kashe wa kuɗi don ya koyi sana'ar, kuma hanyoyin da ke gabansa ba darajarsu ɗaya ba.

Littattafan Turanci su ne mafi sauƙin kuɗi a cikin kayan waje. The Comic Toolbox na John Vorhaus, wanda ya fito a 1994, ya fi amfanar mai son gina labari da taurarin cikinsa, kuma shawararsa mafi tsada ita ce mutum ya sa a ransa cewa tara daga cikin barkwanci goma da zai rubuta ba za su ci ba, saboda haka ya rubuta da yawa ya zubar ba tare da jin ciwo ba. How to Write Funny na Scott Dikkers, wanda ya daɗe yana editan jaridar ba'a ta Amurka mai suna The Onion, ya fi dacewa da mai gajerun rubuce-rubuce a intanet. Abin da irin waɗannan littattafai ke koyarwa da kyau shi ne gini: a yi wa mai karatu shimfiɗa har ya zaci ya san inda aka dosa, sannan a karkata da shi, a kuma ajiye abin mamakin a ƙarshen jimla. Idan aka rubuta cewa mai gidan hayarmu ya san ranar albashina, kuma mutum ne mai kunya da tsoron Allah, an ba da labari ne kawai. Idan kuwa aka ce mai gidan hayarmu mutum ne mai tsoron Allah, mai kunya, wanda ya fi ni sanin ranar da albashina ke shiga, to biyun farko sun kwantar da mai karatu, na ukun ya kayar da shi. Wannan dabarar tana aiki a kowane harshe, kuma littafi ɗaya ya isa a koye ta. Sayen na biyu da na uku yawanci maimaici ne.

Inda suka gaza shi ne wasa da harshe da sanin wanda ake zolaya. Babu ɗayansu da zai gaya wa marubucin Hausa cewa rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har ya zama garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo duk fuska ɗaya gare su a takarda, haka ma wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Wannan wata dama ce da mai rubutu ke da ita fiye da mai magana. Haka nan ba su san wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ko jika da kakarsa ba, inda maganar da za ta zama zagi a bakin bare take zama zumunci a bakin abokin wasa. Mai rubutu a intanet yana da masu karatu da yawa waɗanda babu wannan wasan tsakaninsa da su, kuma nan ne barkwanci kan rikiɗe ya zama rigima.

Kwasa-kwasan intanet sun fi tsada nesa ba kusa ba. A dandalin darussa na MasterClass akwai darussan ɗan wasan barkwanci Steve Martin da na marubucin raha David Sedaris, amma ana biya ne da kuɗin waje na shekara guda, ga kuɗin data, kuma bidiyo ne da aka riga aka ɗauka, babu malamin da zai duba abin da ɗalibi ya rubuta. The Second City, cibiyar wasan barkwanci ta birnin Shikago wadda aka kafa a 1959, tana da azuzuwan rubutu da ake ba da aiki a kuma gyara, sai dai da Turanci ake yin komai, don haka wanda burinsa rubutun Hausa ne zai biya kuɗi mai yawa a gyara masa abin da ba shi zai wallafa ba.

A ganina, kuɗin farko ya kamata ya tafi ne ga littattafan Abubakar Imam, waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya ke bugawa. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, makaranta ce ta yadda ake ɗora raha a kan hali: Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta ramuwar gayya a kan juna, kuma dariyar tana zuwa ne domin mai karatu ya riga ya san kowannensu ba zai haƙura ba. Magana Jari Ce kuwa, mai littafi uku, tana da wani darasin da ya fi wannan, domin Imam ya ɗebo labarai da dama daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu bakin Hausa har ba a jin baƙuncinsu. Aikin da mai karanta Vorhaus zai yi ke nan. Aibin wannan zaɓin shi ne Imam bai tsaya yin bayanin dabararsa ba, sai mai karatu ya riƙe biro yana sa alama a duk inda ya yi dariya, ya koma ya ga abin da aka shimfiɗa kafin nan. A kuma buɗe littafin a gaban mai sayarwa, domin akan ci karo da bugun bogi mai dusasshen rubutu ko ɓatattun shafuka.

Sauraron wasannin Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, ko kallon finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, ba ya cin komai sai data, kuma yana gyara kunne wajen sanin lokacin sakin magana. Amma rahar Samanja tana cikin Hausar barikin da yake yi, ta Ibro kuma rabinta a fuska da motsin jiki take, kuma gurɓatacciyar Hausa da ke da daɗi a kunne takan gajiyar da ido bayan layi uku.

Saura bita da zaman karatu irin waɗanda ƙungiyoyin marubuta ke shiryawa. Kafin a biya kuɗin kowace bita, a tambaya ko za a karanta aikin mahalarta a bainar jama'a, domin ɗaki mai mutum goma da suka yi shiru a inda marubuci ya sa ran dariya yana nuna masa jimlar da za ta fita, abin da bidiyo ba zai yi ba. Bitar da malami zai yi jawabi a raba takardar shaida a watse ba ta kai kuɗin motar zuwa ba.