Zaɓen Fulawil Idan Za a Haɗa Inji da Giyabos na Wata Mota

Duk wanda zai haɗa inji da giyabos ɗin da ba tare aka ƙera su ba, zaɓi uku ne a gabansa game da fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji wanda kuloci ke kamawa: ya sayi wanda kamfani ya yi wa injin, ko ya ɗauki na motar da aka ciro giyabos ɗin a sake huda shi, ko kuma ya nemi wanda aka ƙera musamman domin irin wannan haɗi.

Na farkon ya fi kwanciyar hankali, domin fulawil na inji ne, a gindin karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a cikin inji) yake zaune, kuma a wasu injuna da shi aka daidaita nauyin juyawar injin. Sai dai sunan inji kaɗai bai isa hujjar saye ba. Injin Ford 302 da aka yi kafin 1981 yana buƙatar fulawil mai rinjayen oza 28 (wato nauyin da aka ƙara masa a gefe ɗaya da gangan), na bayansa kuma mai oza 50, alhali ramukan notinsu iri ɗaya ne. Wanda ya musanya su zai ga komai ya shiga daram, amma da an tayar da mota za ta kama karkarwa, a hankali kuma boris ɗin karanshaf su cinye. Haka ma ƙaramin injin V8 na Chevrolet ya sauya tsarin ramukan gindin karanshaf a 1986, ga shi kuma fulawil ɗinsa iri biyu ne, mai haƙora 153 da mai 168, kowanne da sitatar da ke kama shi.

Sake huda fulawil shi ne mafi araha, kuma shi ne ba na ba da shawara a kansa, sai fa idan ƙwararren mai juya ƙarfe ne zai yi aikin ya sake daidaita nauyin. Ramin tsakiya shi ke tsayar da fulawil a kan cibiya, ba notuna ba, saboda haka idan ya yi sako-sako ko kaɗan, ɗaure noti ba zai gyara ba.

Wanda aka ƙera domin haɗin ya fi tsada, amma idan an sa farantin adafta tsakanin inji da giyabos, kusan babu makawa sai shi, tunda kaurin farantin yana nesanta sandar giyabos daga kuloci. Kafin a biya kuɗi a auna wannan tazarar, a kuma duba ko bakin sandar zai shiga ƙaramin boris ɗin da ke cikin gindin karanshaf. Injin da ya fito daga mota mai giyar atomatik galibi ba ya zuwa da wannan boris, kuma mutane kan manta da shi sai bayan an gama ɗaure komai. A wasu injunan kuma na'urar da ke karanta juyawar karanshaf a jikin fulawil take karatu, don haka idan haƙoran ba su dace ba, injin ba zai ma tashi ba.